Geji ya ce inji lafiya, mota kuma tana shan baƙin mai: a sauke inji ko a bar shi?

Tambaya: "Motata mai silinda huɗu ce, ta fetur, ta haura kilomita 300,000. Duk kilomita 1,500 sai na ƙara mata kusan lita ɗaya ta baƙin mai. Ba na ganin wani hayaƙi, kuma tana nan da ƙarfinta. An gwada kwamfireshan, geji ya ba da 172, 168, 175 da 170. Makaniken da ya yi gwajin ya ce injin ƙalau yake, wani kuma ya ce ringi ya mutu, a sauke inji. Wa zan bi?"

Ɗan'uwa, kada ka bari a kwance ko noti ɗaya tukuna. Kowanne cikin makanikan nan biyu ya riƙe wani ɓangare na gaskiya, amma babu wanda ya kawo hujjar da ta isa a yanke hukunci a kanta.

Lambobin da ka kawo, wato ƙarfin matsin iska (kwamfireshan) a kowace silinda a ma'aunin psi, masu kyau ne. Injin fetur mai lafiya yakan ba da tsakanin psi 130 zuwa 180, wasu su haura haka, ya danganta da ƙirarsa. Abin da muka fi dubawa ma ba girman lambar ba ne, tazarar da ke tsakanin silinda da silinda ce. Idan mafi ƙanƙanta bai gaza mafi girma da fiye da kashi 10 cikin 100 ba, mukan ce sun daidaita. Naka tsakanin 175 da 168 bakwai ne kacal, wato kashi 4. A injin da ya ci kilomita 300,000 wannan abin a yaba ne. Bawul ɗinka suna rufuwa, gaskit ɗin kan inji bai fashe ba, fistan bai tsage ba. Na farko ya yi gaskiya a nan. Inda ya kuskure shi ne da ya ɗauka gejin kwamfireshan yana ba da labarin baƙin mai. Ba ya bayarwa.

Ga dalili. Kowane fistan yana ɗauke da ringi uku. Na sama shi ne mai tare iskar da aka matse kada ta sulale ƙasa. Na tsakiya yana taya shi, yana kuma ɗan share mai. Na ƙasa, ringin mai, aikinsa daban ne ɗungurungum: a yawancin injinan fetur siraran zobba biyu ne da wani ƙarfe mai lanƙwasa a tsakaninsu yana tura su jikin silinda. Duk saukowar fistan sai ya kankare man da ya fantsama a bango, ya mayar da shi ƙasa ta wasu ƙananan ramuka da aka huda a cikin kwarmin da yake zaune. Gejin kwamfireshan ringi biyun sama yake gwadawa. Na ukun ko ya mutu murus, allurar geji ba za ta sani ba. Abin ma ya wuce nan. Idan ringin mai ya maƙale, man da ya kasa sharewa yakan taru a kan ringin sama ya toshe 'yan kafofin da iska take bi, sai geji ya ba da lamba mafi kyau fiye da yadda injin ya cancanta. Saboda haka injin da ya fi kowa shan mai yana iya zama shi ne ya fi burge mai gwaji.

Na sha zare fistan daga irin wannan injin. Ringi biyun sama suna juyawa a kwarminsu da ɗan yatsa, lafiya lau. Na ƙasan kuwa ya nutse, ya daskare cikin baƙar dauɗa mai tauri kamar kwalta da ta bushe, har sai ka sa tsinken ƙarfe ka ɓamɓaro shi. Ramukan da mai zai koma ta cikinsu sun toshe, ba ka ma gane wurinsu sai ka kankare. Na kan ɗauki siririn bakin diril in riƙa murza shi da hannu a kowane rami har gawayin ya zubo kamar garin kwalli. Bangon silinda kuma ka duba ka ga zanen da aka yi masa tun daga masana'anta yana nan bai goge ba. Injin bai cinye ba, ringin ne kawai ya daina motsi. Zafi da jinkirin juyen mai da gajerun tafiye-tafiye su ne suke dafa man a wannan kwarmin.

Wannan ba sabon abu ba ne, har kamfanoni sun amsa shi a wasu injinansu. Injin Toyota 2AZ-FE mai lita 2.4, wanda ke cikin Camry ta 2007 zuwa 2009, ya yi suna a kan haka, kuma maganin da kamfanin ya fitar shi ne canza fistan da ringi. Ma'aunin da suka yi amfani da shi a Amurka wajen amincewa da gyaran shi ne shan kusan lita ɗaya a mil 1,200, wato wajen kilomita 1,900. Injin Audi mai lita 2.0 da turbo na shekarun 2009 zuwa 2011 ma ya sha irin wannan ƙorafi. General Motors kuwa ya daɗe yana ɗaukar kusan lita ɗaya a kilomita 3,200 a matsayin abin da bai wuce ƙima ba, kuma akwai littattafan mota da suke yarda da lita ɗaya a kilomita 1,000. Ka ga taka tana tsakiya: ta wuce a ce babu komai, ba ta kai a ce inji ya gama yawo ba.

To, na biyun ya yi gaskiya kenan? Wataƙila. Amma ringi shi ne zato mafi tsada, kuma akwai hanyoyi uku ko huɗu da mai yake bi ya ɓace waɗanda gyaransu bai kai ko kusa da sauke inji ba. Wanda ya tsallake su ya tafi kai tsaye ga ringi, caca yake yi da kuɗinka.

Fara da tabbatar da lissafin kansa. Mutane da yawa da suke ce mini "lita ɗaya a kaza" kintace suke yi. Ajiye motar a wuri mai daidai, bayan inji ya yi zafi ka kashe shi, ka jira minti biyar zuwa goma, ka cika mai daidai layin sama na sandar awo, ka rubuta kilomitar. Duk awon da zai biyo baya ka yi shi a wuri ɗaya, a yanayi ɗaya. A yawancin motoci tsakanin layin ƙasa da na sama wajen lita ɗaya ne. Ka yi haka har kilomita 3,000, kana rubuta irin tafiyar da ka yi. Akwai wata yaudara da gajerun tafiye-tafiye suke yi: fetur da danshi suna taruwa a cikin man, sai sanda ta nuna kamar bai ragu ba. Ranar da ka hau doguwar hanya, zafi ya ƙone su, sai ka ga mai ya faɗi lokaci guda, ka ɗauka a ranar matsalar ta fara.

Sai yoyo. Kada ka ce ai ba ka ganin ɗigo a inda kake ajiye mota. Lita ɗaya ɗigo ne wajen 20,000. Kilomita 1,500 a gudun kilomita 100 awa 15 ce. Idan wani wuri yana ɗiga sau ɗaya duk daƙiƙa uku yayin da inji ke aiki, litar nan ta tafi, iska kuma ta kwashe ta ta shafe ƙarƙashin mota da ita, da ka kashe inji sai ya tsaya. Gaskit ɗin murfin bawul, sil ɗin gaba da na bayan kiranshaf, mazaunin filta, da ɗan makunnin fitilar mai, duk sukan yi haka idan roba ta tsufa ta ƙeƙashe. A wanke injin tas, a yi tafiyar kwana biyu, a ɗaga motar a haska tocila tun daga sama zuwa ƙasa. Mai gangarowa yake yi, don haka wurin da ya fi kowane tsayi da ka ga jiƙa, nan ne tushen.

Daga nan bawul ɗin PCV, wanda ni a ganina ya fi kowane ƙaramin abu a inji jawo a zalunci ringi. Kowane inji, ko sabo, yana sakin 'yar iska ta gefen fistan zuwa ƙasa inda mai yake. Wannan bawul ɗin ne yake zuƙe ta ya mayar da ita manifol, wato bututun da ke raba wa silinda iska, a ƙone. Idan ya maƙale a buɗe, ko robar cikinsa ta yage, sai ya riƙa zuƙar tururin mai kai tsaye zuwa cikin silinda. Idan ya toshe, iskar ta rasa mafita, sai ta matsa wa kowane sil har ya fara zubarwa. An taɓa kawo mini wata mota da aka riga aka yi wa mai ita lissafin kayan ringi. Na zare tiyon da ya tashi daga murfin bawul zuwa manifol, na karkata shi, mai ya tsiyayo a tafin hannuna. Bawul ɗin da ya kamata ya yi ƙarar kacau-kacau idan an girgiza shi, shiru kamar dutse. Muka canza shi da tiyon, muka ce ya je ya yi awo. Shan man bai tsaya gaba ɗaya ba, amma ya ragu har ya daina zama abin damuwa. A mota mai irin kilomitarka, idan ba a taɓa canza shi ba, a canza kawai. Idan kuma motar tana da turbo, a cire bututun iskar da ya fito daga gare shi a duba. Ɗan danshin mai ba komai ba ne, amma idan ya kwanta har yana tsiyaya, turbon ne abin tuhuma.

Sai sil ɗin bawul, 'yan robobin da suke rungume da sandar kowane bawul don kada man da ke saman inji ya bi ta ya sauka. Zafin shekaru yakan mayar da su kamar busasshiyar fata. Su ma geji ba ya ganinsu ko kaɗan, domin suna can sama da inda ake matse iska. Amma suna da alamarsu, kuma a nan ne za ka nemi wani ya bi ka a baya da wata mota, don mai tuƙi ba ya ganin hayaƙinsa. Idan shuɗin hayaƙi ya fito da safe daga tayar da inji, ya yi 'yan daƙiƙu ya ɗauke, sil ne. Idan ka daɗe a silo sannan ka taka totur ya yi tunƙwal, sil ne. Idan ka sauko doguwar gangara da giya, ƙafarka ba ta kan totur, ka iso ƙasa ka taka sai gajimare ya biyo ka, galibi shi ne dai, domin a lokacin manifol yana zuƙa da dukkan ƙarfinsa. Na ringi kuwa ya fi fitowa lokacin da inji ke shan wahala, a hawa ko a gudu mai yawa, kuma ba ya ɗaukewa da wuri. Daɗin abin, a injina da dama ana canza sil ɗin bawul ba tare da an cire kan inji ba. Ana cika silinda da iska, ko a cusa igiya mai laushi ta ramin fulogi a ɗago fistan ya tokare bawul, sannan a cire sifirin a sauya robar.

Ka ce ba ka ganin hayaƙi. Wannan bai wanke injin ba. A tafiyar awa 15 ɗin nan, inji mai silinda huɗu da ke juyi 2,500 a minti zai tashi wuta sau miliyan huɗu da rabi. Raba lita ɗaya a kansu, ɗigo guda yana isar tashin wuta sama da 200. Ɗan abin da ya rage kuma katalis, wato na'urar tace hayaƙi da ke cikin salansa, yana ƙone shi idan ya yi zafi. Sai dai shi ma yana biyan farashi, domin sinadaran zinc da fosfaras da ake sa wa man inji don kare ƙarfe suna lulluɓe shi sannu a hankali, shi da na'urar auna iskar salansa. Fulogi ya fi hayaƙi faɗin gaskiya. A jera su huɗun bisa tsarin silindarsu a duba. Toka mai kauri, fara-fara ko ruwan ƙasa, da ta daskare a bakin fulogi, shaidar ƙona mai ce. Idan ɗaya ne kawai ya yi haka, matsalar ta silinda ɗaya ce. Idan duka ne daidai wa daida, a koma kan PCV ko ringin da suka maƙale tare. Mai a jikin zaren fulogi da farin kaskonsa ta waje kuwa daga murfin bawul yake zubowa, ba daga cikin silinda ba. Wanda yake da 'yar kyamarar nan mai shiga ramin fulogi ya leƙa kan fistan: idan tsakiya baƙi ne amma gefe-gefen sun wanku fes, mai ne yake hawowa ta bango yana wanke su, kuma wannan ringi yake nunawa.

Zan so kuma ka tambayi yadda aka yi gwajin naka, don na ga an yi shi a gurguje sau ba adadi. Inji ya zama da ɗumi, ba ɗanyen sanyi ba, ba kuma zafin da zai sa zaren fulogi ya ci aluminiyam ɗin kan inji ba. A hure ƙurar ramukan kafin a kwance. A cire fulogi duka huɗu, ba ɗaya bayan ɗaya ba. A zare fiyus ɗin famfon fetur, a cire wayar kwail, don kada fetur ya wanke bangon silinda ko wuta ta tashi. Batir ya zama cike, totur a take har ƙasa, a ba kowace silinda bugu iri ɗaya, biyar ko shida, har allura ta daina hawa. Kuma a kalli yadda take hawan. Silinda mai lafiya bugun farko yakan kai ta wajen rabi ko fiye, ta cika da sauri. Wadda ringinta ya gaji takan fara ƙasa-ƙasa ta riƙa rarrafawa. Tsayin wuri ma yana taɓa lamba, kusan kashi 3 cikin 100 ne ke raguwa a kowace mita 300 sama da teku, shi ya sa kwatanta silinda da 'yar'uwarta ya fi kwatanta motarka da ta wani.

Da a ce wata silinda ta faɗi, sai a zuba mata mai kamar cokali ɗaya a sake gwadawa. Ta tashi sosai, ringi ne ko bango. Ba ta motsa ba, bawul ne. Biyu maƙwabta sun faɗi tare, gaskit ne ya ɓalle a tsakaninsu. Duka sun faɗi daidai, a duba tayimin ko ya tsallake haƙori. A naka wannan gwajin ba zai ƙara komai ba tunda babu wadda ta faɗi. Mai injin dizil kuma da ke karanta wannan kada ya zuba mai a silinda, matsinsa yakan kai psi 300 zuwa 500, man yana iya kamawa da wuta ko ya tokare fistan, kuma gejinsa ma daban ne.

Gwajin da ya fi amfani a gare ka shi ne na tsiyayar iska. Ana kai fistan ƙololuwa a lokacin da bawul duka suke rufe, a tura iska daga kwamfiresa ta ramin fulogi, geji biyu su nuna kashi nawa ke gudu. Ƙasa da kashi 10 inji ne mai kyau, zuwa 20 ana zaune da shi, ya haura 30 akwai magana. Amfaninsa shi ne kunne yana gaya maka inda take fita: ta bakin totur bawul ɗin shiga ne, ta salansa na fita ne, ta murfin zuba mai ringi ne, kumfa a lagireto kuma gaskit ne. Shi ma dai ba ya gwada ringin mai kai tsaye, amma idan ya fito da kyau ya tabbatar maka bango da ringin sama ba su cinye ba, wato ko da an kai ga buɗewa, aikin ƙarami ne.

A ce an bi duk wannan, babu yoyo, PCV sabo, alamar sil babu, fulogi da kyamara sun nuna ringi. Har yanzu ban ce a sauke ba. Tunda maƙalewa ce ba cinyewa ba, akan gwada jiƙa fistan: a zuba sinadarin narkar da gawayi ta ramin fulogi, a bar shi ya kwana, ana ɗan juya inji da hannu. Wani lokaci ringin ya saki, wani lokaci ko gezau. Idan za a yi, dole a fitar da duk ruwan da ya rage a silinda kafin a mayar da fulogi, in ba haka ba sandar fistan tana iya lanƙwashewa, kuma a juye mai da filta nan take. Bayan haka a riƙa juye mai da wuri, wajen kowane kilomita 5,000, da mai mai inganci.

Maganar mai mai kauri kuwa, na san za a ba ka shawarar 20W-50. Ka buɗe littafin motar tukuna. Matsawa mataki ɗaya, daga 5W-30 zuwa 5W-40 ko 10W-40, idan littafin ya yarda, yakan rage sha kaɗan, kuma man da aka yi wa tsofaffin injina yana da abin da ke ɗan tausasa roba. Amma injin da ke sarrafa tayimin ɗin bawul da matsin mai yana da ƙananan hanyoyi da ragar tacewa da mai kauri ke wahalar bi, musamman da sanyin safiya. Ringin da ramukansa suka toshe kuma, mai kauri ya fi wuyar komawa ta cikinsu. Ruwan gwangwanin nan mai yauƙi kamar zuma da ake cewa yana tsayar da hayaƙi, ɓoye ciwon yake yi, ni ba na zuba shi a motar da mai ita yake son ya daɗe da ita.

Da motar tawa ce, da lambobin nan, da ƙarfinta, ba ta jiƙa fulogi, ba ta zafi, to zan gyara ƙananan abubuwan, in ajiye galan a but, in duba sanda duk lokacin da na sha fetur, in ci gaba da hawa. Lissafa da kanka: a kilomita 15,000 lita goma za ka ƙara, ka kwatanta da abin da aikin inji zai ci, ka haɗa da cewa aikin da ba a auna bangon silinda da makirmita ba, ba a goge shi yadda sabon ringi zai zauna ba, yakan dawo da shan man cikin 'yan watanni. Abin da yake kashe irin waɗannan injinan shi ne ranar da aka manta ba a duba ba. Jar fitilar mai ba yawan mai take aunawa ba, matsinsa take aunawa, kuma kafin ta kama metal, wato ƙarfen da kiranshaf ke juyawa a kansa, ya riga ya fara cin kiranshaf ɗin.

Zan canza shawara idan shan ya kai lita ɗaya a ƙasa da kilomita 800, ko fulogi ya fara jiƙewa inji yana tsallake wuta, ko ka buɗe murfin mai inji na aiki ka ga yana huci kamar tukunya, ko gwajin da za ka maimaita bayan wata shida ya nuna wata silinda ta rabu da sauran. Ka adana lambobin nan huɗu da kwanan wata da kilomitar da aka ɗauke su, kuma in zai yiwu a sake gwajin da wannan gejin dai, domin geji biyu ba kasafai suke faɗin abu ɗaya ba. Idan ka yi awon kilomita 3,000 ɗin, ka turo mini sakamakon tare da hoton fulogin huɗu a jere.